Warin Malam Bakari

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, ban ma taɓa ganin marubuci ido da ido ba. Karatu kawai na iya, irin littattafan nan da ake bazawa a ƙasa gefen Kasuwar Santiral, wani ba bango, wani ba ƙarshe. Wannan ɗin ma a sauran shafukan littafin tarihina na lise, wato sakandare, nake rubuta shi, kuma sau uku ke nan ina yage farkonsa. Inda kuka ga na karkace ku miƙe da kanku. In kuma Allah ya ƙaddara takardar nan ta faɗa hannun mahaifiyata, to Inna, ki yafe mini. Ni ce na buɗe tagar.

Sunana Kulsum. A New Bell aka haife ni, cikin wani lungu na Makeya wanda mai babur ba ya shiga sai ya ɗage ƙafafu saboda kwata. Babana, Malam Bakari, shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin gas na gwamnati, wanda kowa ke kira Sosiyete kawai, kamar duk duniya babu wani kamfani sai shi. Depo ɗinsu yana Bonaberi, hayin gada. Can ake ɗura gas ɗin girki a tukwanen ƙarfe, waɗanda mu a nan muke ce wa butel. Aikin Baba kuwa in na faɗa za ku yi dariya, don kowa ma dariyar yake yi. Shi ne mai sa wari.

"Gas da kansa ba shi da wari, Kulsum," haka yake gaya mini tun ina ƙarama. "Ba launi, ba murya. Kuma ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Zai cika ɗaki har wuyanki ba ki sani ba, sai wani ya ƙyasta ashana. Ni nake ba shi baki don ya yi ihu."

Wani ruwa ne ake ɗiga wa gas ɗin kafin a ɗura shi, ruwan da warinsa ya haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da tafarnuwa da wani abu na uku da har yau ban san sunansa ba. Baba yana da ɗan ɗakinsa na bulo a tsakiyar depo, da duro guda da famfo, shi kaɗai, don babu mai son zama kusa. Warin ya kama fatarsa, ya kama gemunsa. Ko taksi ya cika, Baba na sa ƙafa sai wuri ya samu. A masallaci liman ya yi ta cewa a haɗa sahu, amma dama da hagun Baba kullum akwai wurin mutum guda. Inna kuwa ta ajiye masa bokiti a zaure, da toka da lemon tsami.

"Malam, don girman Allah tsaya nan. Kada ka shigo mini da Bonaberi cikin ɗaki."

"Hawa'u, warin nan fa shi ke ɗora miki tukunya."

"To ya tsaya a tukunyar mana. Me ya kai shi matashin kaina?"

Haka suke yi kowace yamma, kuma wankan bai taɓa fitar da komai ba.

Sai kiriz ta zo, wato karayar arzikin ƙasa. Ku da kuka rayu shekarun nan ba sai na ba ku labari ba, kamfanonin gwamnati suka riƙa faɗuwa kamar ruɓaɓɓun mangwaro. Aka sayar da Sosiyete ga wasu 'yan kasuwa, aka sake wa butel fenti, aka sake wa masu gadi kaki. Baba ya ce ba komai, ko wa ya sayi gas ai hancin mutane bai canja ba. Shekara biyu ana haka. A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, sai masu kamfanin suka ɓata, suka raba shi uku kamar gado. Wasu suka ɗauki manyan tankuna, wasu suka ɗauki wurin ɗura butel, wasu suka ɗauki motoci da shaguna. Kowa ya ja katangarsa. Katangar masu tanki ta bi ta daman ɗakin Baba, ta masu ɗurawa ta bi ta hagunsa. Ɗakin ya rage a wani siririn lungu tsakanin bango biyu, ba na kowa ba.

Mako uku Baba yana ratsa lungun yana aikinsa, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana. Rannan ya je ya tarar an yanke bututun da ya haɗa duronsa da tanki, an toshe bakin lungun da kwano. Aka miƙa masa takarda. An kompirese shi, kamar yadda ake faɗa wa duk wanda aka sallama a lokacin.

Ni na rubuta masa wasiƙu, tunda ni ce mai Faransanci a gidan. Yana tsaye a kaina yana faɗa da Hausa, ina juyawa. Ba aikinsa ya roƙa ba. Abu ɗaya yake tambaya, yanzu wa ke sa warin? Daraktoci uku muka aika wa. Masu tanki suka ce aikin masu ɗurawa ne. Masu ɗurawa suka ce gas ai da warinsa ya kamata ya iso musu. Masu motoci ba su ma amsa ba.

Daga nan Baba ya samo gwangwanin madara, ya kaɗa sabulu a ciki, ya tsinci gashin kaza. Gida gida yake bi yana sallama, yana roƙo a bar shi ya shafa kumfa a wuyan butel. Inda gas ke fita, kumfar sai ta yi ƙwai, ta kumbura, ta fashe. Duk inda ya shiga magana ɗaya yake maimaitawa: "Gas ɗin yanzu ba ya wari. Kada ku jira hancinku." Da farko ana ba shi kujera. Daga baya samarin bakin titi suka fara.

"Malam Bakari, yau ma aski za a yi wa butel ɗin? A rage masa saje!"

Yayarsa, Gwaggo Tsohuwa, wadda duk zuri'armu ba mai ɗaga ido a gabanta, ta zo har gida ta ce yana zubar mana da mutunci, rashin aiki ya taɓa masa kai. Washegari ya sake ɗaukar gwangwaninsa ya fita. Abin da na lura da shi ni kaɗai shi ne warin yana barin jikinsa. Wata shida, sahu ya haɗe a gefensa. Shekara guda, Inna ta mayar da bokitin zaure na wanke-wanke. Ranar da ya rasu, cikin daminar da ta biyo, bayan tarin kwana tara, ni na gyara masa matashi, kuma ba abin da na ji a jikinsa sai sabulu. Ran bakwai aka rabar da kayansa kaf, har hular aiki. Gwangwanin kawai na ɓoye a kwalin littattafaina. Ina faɗin wannan ne don ku san babu wani abu da ya rage a gidanmu da zai iya yin wari.

Kafin in kai ku ran sadakar arba'in, sai na bayyana muku ɗakin Inna, ku yi haƙuri da ni. A unguwarmu in aka yi ruwa kwata takan hau ta shigo har ƙarƙashin gado. Don haka Baba ya ɗaga dokin ƙofar ɗakin da bulo biyu, sai ka ɗaga ƙafa sosai kake shiga. Ƙasan siminti ne. A kusurwa, bayan gado, ya huda ƙaramar rariya mai fita lungun baya don ruwan wanke ɗaki, kuma kullum a toshe take da tsumma saboda ɓeraye. Taga guda ce, ta katako. In an rufe komai ɗakin ya zama kamar kwarya. A nan Inna take zaman takaba, a kan tabarma, a ƙasa.

Kwana huɗu aka yi ana ruwa kafin ranar. Itacen da aka saya ya jiƙe sharkaf, ya ƙi kamawa, ga ƙullun waina har baho biyu yana jira. Da sassafe sai ga Baffa Ɓoɓɓo, abokin Baba, mutumin Garwa, direba ne da ya faɗa rabon masu motoci. Ya sauke sabon butel ruwan ɗorawa daga kafaɗarsa.

"Gudummawata ke nan. Mon frère, ɗan'uwana, ya yi wa gas bauta, yau gas ya yi masa."

Aka yi ta sa masa albarka. Amma kan rishonmu na zamanin Sosiyete ne, shi kuwa sabon butel kowane kamfani da irin bakin da ya yi wa nasa don kada ka sayi na wani. Ya shiga, amma bai zauna daram ba. Maƙwabciyarmu Nana Hadiza ta ce wannan ai ƙaramin abu ne, haka kowa ke yi yanzu. Ta yanko robar tayar babur ta naɗe wuyan tam. Wuta ta kama shuɗiya, mata suka yi guɗa ƙasa ƙasa don gidan makoki ne, aka yi ta suya a baranda har kusan azahar. Da aka gama Gwaggo ta ce a shigar da butel ɗin ɗakin Hawa'u.

"Jama'a na shiga suna fita, butel kuwa yanzu ƙafa gare shi."

Aka kai shi da rishon duka, aka tura bayan labulen da ake rataye kaya. Ni lokacin ina can ina raba waina a faranti, ban ga wanda ya kashe ba, ban ga yadda aka kashe ba.

Bayan azahar aka aike ni in kai wa Inna kunu. Na tarar da ƙofa a rufe, abin da ba a yi da rana a gidan da ake karɓar gaisuwa. Na tura, na ɗaga ƙafa na tsallaka. Kofin ya kusa suɓuce mini.

Baba ne. Ba wai wani abu mai kama da shi ba. Warin nan ne na ƙarfe biyar na yamma, lokacin da yake tsaye a zaure yana kwance igiyar takalmi, har da ɗan gumin taksi a ciki.

"Rufe," in ji Inna. "Rufe da sauri kada ya fita."

Ɗakin da duhu, ta rufe tagar, wutar lantarki kuma an ɗauke tun safe. Tana zaune a tabarma ta jingina da gado, carbi ya zame daga hannunta. Kwana arba'in ban ga haƙoranta ba, sai ga shi tana murmushi. Maganarta a hankali take fita, kamar mai jin barci.

"Kin ji shi ko? Ba ni kaɗai ba ce ko? Tun ɗazu ya zo. Shekara ashirin ina korarsa zaure, Kulsum. Yau na ce masa shigo, Malam, zauna, ba wanka."

Na durƙusa na ajiye kofin. Da na yi ƙasa sai na ji kaina ya yi wani yawo, idon sawuna kuma sanyi, irin sanyin da kake ji in ka tsaya a ruwa marar zurfi. Nan maganar Baba ta faɗo mini, a ƙasa yake kwanciya. Na rarrafa na ɗaga labulen.

Butel ɗin ya yi raɓa, jikinsa sanyi ƙalau. A wuyansa, daidai inda aka naɗa robar, akwai kumfar sabulu fara, an shafa ta zagaye, tsaf, ba ta zuba ko'ina ba. Tana ƙwai, tana kumbura, tana fashewa. Na sha gaya wa kaina wataƙila wadda ta ɗauko shi da hannun wanke-wanke ta ɗauko. Wataƙila. Amma na ga shafin Baba sau ɗari, daga hagu yake farawa ya zagayo, ya bar 'yar jela a ƙarshe inda gashin kazar ya tashi. Jelar tana nan.

Na kai hancina dab da wurin. Iska mai sanyi tana hura mini fuska siririya, kuma wallahi ba ta da warin komai, kamar ruwan randa. Warin ba daga nan yake ba. Daga bayana yake, daga gefen tabarmar Inna na dama, inda Baba ke zama ya miƙe ƙafa.

Ban waiga ba. Na kama makunnin butel ɗin, ashe rishon kawai aka kashe aka bar shi a buɗe, na murɗa har hannuna ya yi zafi. Kumfar ta kwanta. Amma wanda ya riga ya fita yana nan cike da ɗakin, bulo biyun Baba sun tare shi.

"Inna, tashi mu fita. Gas ne."

"Gas ɗin yanzu ba ya wari," ta ce, idonta a lumshe. "Shi da bakinsa ya faɗa."

Sai na ji muryar Gwaggo a baranda, ashe warin ya bi ni ta ƙofa lokacin da na shigo.

"La'ilaha illallahu! Ku kun ji abin da nake ji? Bakari, me ka manta? Kai da aka yi wa wanka aka kai ka makwancinka? Hadiza, ɗebo mini garwashi a kasko, ki haɗo da turaren wuta. Mamaci ba ya zama cikin masu rai. A turara ɗakin nan lungu lungu ya kama hanyarsa."

Akwai murhun gawayi guda da aka dafa shayin maza a kai, a ƙarshen baranda. Na ji ƙarar cokali yana kwasar garwashi.

Ya kamata ku san irin yarinyar da nake. Ni ce wadda in malami ya kira sunanta a aji sai muryarta ta maƙale. Ban taɓa yi wa babba musu ba, ko kallon idon Gwaggo ban taɓa yi ba. Na fito na ja ƙofar, na tsaya a kan dokin ƙofa. Ga ta nan tafe, kasko a hannu, garwashin ja wur, hayaƙin turare ya fara tashi. Mata sun dare mata hanya.

"Gwaggo," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji. "Gwaggo, butel ne yake zuba. Kada a shiga da wuta."

"Me take cewa? Ɗaga murya, 'yar boko, ba littafi kike wa magana ba."

"Gas ne a ɗakin."

"Gas?" Ta juya ta dubi matan. "Shekara guda ubanta ya hana mu sakat, gas ɗin yanzu ba ya wari, gas ɗin yanzu ba ya wari, har yara suka sa shi a waƙa. Yau kuma 'yarsa ta ce warin gas ne. To wanne za mu kama? Nana Hadiza, ke kika ɗaura, yana wari?"

"Ko kaɗan, Gwaggo. Tun safe muna kansa."

"Kin ji. Gadon gwangwani za ki ci ke ma? Matsa mini."

Taku uku ya rage tsakaninmu. Ba ni da wata magana da ta fi wadda na faɗa, kuma gaskiyarsu ne, gas ɗin ba ya wari. Abu ɗaya kowa ya sani game da ni bayan karatu, shi ne tuntuɓe, don tafiya nake ina tunanin wani wuri. Sai na yi kamar zan matsa, na saki ƙafata ta kama bulon, na tafi gaba ɗaya na faɗa kan hannunta. Kaskon ya yi sama ya faɗa tsakar gida, cikin ruwan da ya kai idon sawu. Garwashin ya yi cuu, ya mutu. Guda ɗaya ya sauka a wuyan hannuna, tabon yana nan ina kallonsa yanzu da nake rubutu.

Ranƙwashin da na sha ba a magana. "Sakarya! Ƙafafu kamar na ɗan maraƙi! Ran sadakar ubanki ma sai kin nuna hali." Ta ce a sake ɗebo wani, aka ce ai ɗan garwashin ke nan, sai dai a aika gidan su Nana Hadiza a hura sabo. Ana cikin haka sai muryar liman ta taso daga ƙarƙashin tamfol a ƙofar gida, an fara addu'a. Dole kowa ya nemi wuri. Gwaggo ta leƙa ɗakin, hannu a hanci.

"Hawa'u, fito baranda a shafa da ke. Addu'ar mijinki ce."

Sai da mata biyu suka kama ta, ƙafafunta sun yi nauyi, suka ce zama ne ya yi mata yawa. A bakin ƙofa ta riƙo mayafina, ta jawo kunnena kusa da bakinta.

"Ke kaɗai na yarda da ke. Shiga ki rufe, ki tsare mini shi. Kada ki bar kowa ya buɗe har in dawo. Kin ji, uwata? Ko na yini ɗaya ne a bar mini."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi mata.

Na shiga na rufe ƙofar, don kada ya gangara baranda. Na ja numfashi a tsaye, na kwanta na kutsa bayan gado na fizge tsumman rariya. Na zare sakatar taga na tura ta waje, ta ɓangaren lungun baya take, ba mai gani. Na naɗe tabarmar Inna biyu na kama fifita ƙasan ɗakin, daga ƙofa zuwa rariya, daga ƙofa zuwa rariya, kamar mai korar ruwa. In kaina ya fara juyawa sai in sa fuska a taga in sha iska in dawo. A waje liman yana ja, maza suna amsawa da amin, ruwa yana dukan kwano.

Duk tsawon lokacin nan ba ni kaɗai ba ce a ɗakin. Ban ga komai ba, kada ku ce na ce na gani. Amma wari ai yakan bazu ne, ya cika ko'ina daidai. Wannan a wuri ɗaya yake tsaye. In na matsa kusurwar gado sai in ji shi a kafaɗata ta hagu, daidai tsayin da yake tsayawa lokacin da nake rubuta masa wasiƙa. In na yi sanyi da fifitar sai ya ƙaru har idona ya yi ruwa. In na dage sai ya lafa. A haka na gane inda gas ɗin ya rage, ƙarƙashin gado, bayan akwati, cikin kusurwar labule. Duk inda ya tsananta nan nake bi.

Ban san tsawon lokacin ba. Liman dai ya yi doguwar addu'a, Allah ya saka masa, har da ta ƙasa da ta masu neman aiki. Sanyin ƙasan ya tafi. Na kwanta na sa kumatuna a siminti na shaƙa, kaina bai juya ba. Sai na ce, a hankali, "Baba, ya fita."

Warin ya wuce ta gabana. Ba ta rariya ya bi ba, ba ta taga ba. Ta ƙofa ya bi, ƙofar da ke rufe, kuma a bakinta ya ɗan dakata, kamar mai ɗaga ƙafa ya tsallake bulo biyu. Daga nan babu. Ɗakin ya koma warin damshi da kunun da ya huce.

Na mayar da tsumma, na ja taga na sa sakata, na shimfiɗa tabarma yadda take, na ɗora carbin a kai. Na ciro gwangwanin daga kwalina, ban san dalili ba, na ɓoye shi a mayafi. Sabulun ciki da na bari a bushe kwana arba'in, da ɗan ruwa a kansa.

Aka shafa fatiha. Inna ce ta fara shigowa, da ƙafarta wannan karon, idonta ya washe. Ta tsaya tsakiyar ɗaki ta shaƙa. Ta matsa gefen tabarma ta shaƙa. Ta durƙusa ta ɗauki matashi ta danna fuskarta a ciki. Bayanta Gwaggo ta shigo da sabon kasko, ta zagaya da shi ko'ina, har bayan labule, har ƙarƙashin gado, ni kuwa ina manne da bango ina kallon jan garwashin nan yana wucewa ta gefen butel. Ba abin da ya faru. Hayaƙi ya tashi mai ƙamshi.

"Alhamdulillahi," in ji Gwaggo. "Kun ga aikin addu'a. Tun kafin turare ma ya tafi. Allah ya kai haske kabarinka, Bakari."

Inna ba ta yi kuka ran rasuwa ba, ba ta yi ran uku ba, ba ta yi ran bakwai ba, har ana yabon tawakkalinta. A nan ta yi shi. Wani irin sauti ne da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Mata suka ruɗe suka cika ɗakin, wannan na riƙe ta, wannan na cewa a kawo ruwa, suna zaune a ƙasa jere a inda gas ɗin ya kwanta ɗazu, kaskon yana tsakiyarsu.

"Na ce a tsare mini shi," take faɗa. "Na ce kada a buɗe. Wa ya buɗe? Ina Kulsum?"

Ina bayan Nana Hadiza, wadda Allah ya yi wa faɗin jiki. Na ja da baya, na ɗaga ƙafa na tsallake dokin ƙofa ba tare da na taɓa shi ba. Baranda ba kowa. Na bi ta bayan randuna, na ratsa zaure, maza suna ta rabon waina ba wanda ya ɗaga kai. Ruwa ya tsagaita. A bakin lungu, wajen gida na uku inda na ga Baffa Ɓoɓɓo ya sauke wani butel ruwan ɗorawa da safe, na ji kamar ƙwai ya ruɓe a wani wuri, da tafarnuwa. Na gyara gwangwanin a cikin mayafina, na bi gefen kwata a hankali na nufi gidan, tun ba a sake kiran sunana ba.